Mutum 12 da Suka Kama Sanata da Laifi

Yau Amurka za mu leƙa.

Ranar 13 ga Mayun 2024 aka fara shari'ar Sanata Bob Menendez a New York, kan zargin cin hanci. Sandunan zinare da tsabar kuɗi sama da dala 480,000 aka samu a gidansa.

To, a irin wannan shari'a ba alƙali ke cewa mutum ya yi laifi ba. Mutum 12 ake zaɓowa daga jama'ar gari. Kwana uku aka yi ana tankaɗe da rairaya: ka san wanda ake tuhuma? Ka riga ka yanke hukunci a zuciyarka? In haka ne, a sallame ka.

Sannan Alƙali Sidney Stein ya ja musu kunne: ban da bin labarin a jarida, ban da hirarsa da kowa. Hujjar kotu kawai za su duba, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya.

Ranar 16 ga Yuli suka same shi da laifi a duk tuhume-tuhume 16, alhali jam'iyyarsa ke mulki. Daga baya aka ɗaure shi shekara 11.

To mu fa, in namu ne a gaban kotu, hujja za mu duba ko jam'iyya?