Zakin Yankari da Gubar da Ake Barbaɗawa a Mushe



Yau Jihar Bauchi muka nufa, dajin Yankari, wanda aka keɓe tun 1956. Yawancinmu giwaye da ruwan ɗumin Wikki muka sani a can. To, an san dajin nan da zaki ma, amma yanzu da wuya a gan shi. Wani bincike da masana suka fitar a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kimanin 400 ne. A wuri huɗu kacal aka same su: Yankari, Kainji, Niokolo-Koba ta Senegal, sai babban dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, inda mafi yawansu suke.

Me ke cinye sarkin dawa? Mafarauta sun shiga da bindiga da tarko, sun rage ɓauna da gwanki da mugun dawa. Zaki ya kwana da yunwa, ga shanu a bakin daji. Makiyayi ya tashi da asuba, ya tarar da saniyar da yake tatsa a kwance, an farke mata ciki. Wallahi asara ce, duk wanda ya san kiwo ya san zafinta. Amma cikin fushi sai a samo maganin ƙwarin gona a barbaɗa a kan mushen. Shi kuwa zaki yakan dawo wa abin da ya kashe, sau da yawa har da zakanya da 'ya'yanta. Su ci su mutu. Kura ta zo cikin dare, dila ya biyo sawu, rana na ɗagawa ungulaye su sauka. Mushe ɗaya ya kwashe su gaba ɗaya. Alhali kura da ungulu su ke share mana mushe kafin ya ruɓe ya jawo wa dabbobinmu cuta.

Hukuma ma da nata nauyin. Makiyayin da ya kai ƙara bai ga kowa ba, gobe guba zai nema.

'Yan'uwana makiyaya, kada a shigar da shanu cikin gandun daji. Da dare a kewaye garke da shingen ƙaya mai kauri, a hura wuta, kada a bar wa yara ƙanana tsaro. In zaki ya yi ɓarna, a sanar da arɗo da ma'aikatan gandun daji. Don Allah, kada a sa wa mushe guba.