Dandamali a Ƙasar Baƙunci: Abin da Ɗaliban Afirka Suka Nuna a Faris da Landan



Duk wanda ya yi karatu a ƙetare ya san bikin nan da ake kira ranar al'adu. Ana ba kowace ƙasa rumfa da 'yan mintoci a kan dandamali. Samarinmu su fito da babbar riga da zanna bukar, 'yan mata su sha lalle, a jera kilishi da dambun nama, a saki kiɗan kalangu ta lasifika, a yi wasan kai amarya, a tafa, a watse. Ban raina wannan ba, domin na ga yadda yake kashe wa yaro ƙishirwar gida. Abin da ke damuna shi ne, wannan yaron ya kwana yana lissafin kwanakin da suka rage wa takardar izinin zamansa, da kuɗin tallafin karatu da bai iso ba, da mai gidan hayar da ya dubi fatarsa ya ce ɗakin ya shiga. Duk wannan ba ya hawa dandamali tare da shi. Magabatansa sun taɓa tsayuwa a wannan mararraba, kuma labarinsu nake so mu duba.

Mu fara da makarantar William Ponty da ke Senegal, inda Faransa take horar da malamai da akawuna na dukan yankunan da ta mallaka a Afirka ta Yamma. Diori Hamani na Nijar ma can ya yi karatu. A shekarun 1930 wasan kwaikwayo ya bunƙasa a makarantar, wani malami Bafaranshe mai suna Charles Béart yana ƙarfafa shi. Idan hutu ya zo sai a ce kowane ɗalibi ya koma gida ya tattaro al'adun mutanensa, ya dawo a mayar da su wasa da Faransanci. A 1937 aka kai ɗaliban Faris lokacin babban baje kolin duniya, suka yi wasa a gaban Turawa, aka yaba. An samu marubuta daga wannan makaranta, irin su Bernard Dadié na Kwaddebuwa. Sai dai a lura da wanda ya tsara tafiyar da wanda ya sayi tikiti. Mai mulki ne ya kai yaran ya nuna wa 'yan'uwansa irin tarbiyyar da ya yi musu, ɗalibi kuwa ya zama madubin da uban gidansa ke duba fuskarsa a ciki.

Daga cikin wannan makaranta aka samu wanda ya juya akalar. Keïta Fodéba, mutumin Siguiri ta ƙasar Gini, ya isa Faris a ƙarshen shekarun 1940 da niyyar karanta shari'a. Ya tara ɗalibai da makaɗa, ciki har da mai jita Kanté Facelli, suka kafa ƙungiyar da daga baya duniya ta sani da suna Les Ballets Africains. Rawa da kiɗa da sutura duk suna nan kamar yadda Bature ke son gani. Amma a cikinsu ya saka wani aiki, Aube africaine, labarin wani manomi mai suna Naman da dattawan ƙauyensu suka zaɓa ya tafi yaƙin Faransa. Ya yi yaƙin, Jamusawa suka kama shi, ya tsira, ya dawo Afirka, sannan harsashin Faransa ya kashe shi a barikin Thiaroye kusa da Dakar. Wannan ba ƙage ba ne. Ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙi suna neman bashin albashinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya wuce haka nesa. Ana ba da labarin Naman, jita da kora suna amsawa tsakanin magana da magana, kamar yadda maroƙan Mande suke yi. Hukumar mulkin mallaka ta fahimci saƙon, ta hana yaɗa ayyukansa a yankunan da take mulki. Dole kuma in faɗi ƙarshen mutumin, ko da yake yana da ɗaci: ya zama minista a gwamnatin Sékou Touré ta Gini, yana da hannu a gina tsarin tsaron da ya danne mutane, kuma wannan tsarin ne ya cinye shi a 1969.

A Ingila kuwa, Wole Soyinka ya isa Jami'ar Leeds a 1954, bayan ya gama ya koma Landan yana karanta rubutattun wasanni a gidan wasa na Royal Court. Lokacin ba mai daɗi ba ne ga baƙar fata. A 1958 aka yi tarzomar Notting Hill, inda gungun matasan Turawa suka far wa baƙin da suka zo daga tsibiran Karebiyan. Soyinka ya rubuta waƙa a kan wata mai gidan haya da ke tambayarsa ta waya iyakar baƙin fatarsa kafin ta ba shi ɗaki. Wasansa na wannan lokaci, The Swamp Dwellers, shi ma na ƙaura ne: saurayi ya bar ƙauye ya tafi birni, birni ya tsotse shi, ya dawo ya tarar ruwa ya cinye gonarsa. A cikin wasan akwai wani makaho Musulmi daga Arewa, fari ya koro shi, yana neman ƙasar da zai noma. Ɗalibi yana zaune a ƙasar sanyi, nisan da ya yi da gida ya sa ya hango cewa ɗan ci-rani na Kudu da na Arewa ciwonsu ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani dare a 1959. A watan Maris na shekarar, masu gadi sun lakaɗa wa fursunoni 11 duka har lahira a sansanin Hola na ƙasar Kenya, hukumar Ingila ta fara da cewa ruwa suka sha suka mutu. 'Yan wasan Royal Court suka shirya nuna abin a dandamali, aka ba Soyinka matsayin ɗaya daga cikin masu dukan. Da lokacin fitowarsa ya yi, sai ya ƙi fita. Shi da kansa ya ba da wannan labari a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1986. Yadda na fahimce shi, ya ji cewa jinin bai bushe ba, kuma bai yarda a mayar da mutuwar 'yan'uwansa abin kallo na dare ɗaya ga mutanen da gwamnatinsu ta yi kisan ba. Fodéba ya hau dandamali da Thiaroye, Soyinka ya ƙi hawa da Hola, kuma ina ganin su biyun tambaya ɗaya suka yi wa kansu: wa ke zaune a kujerun nan, me kuma zai tafi da shi gida?

Yau ɗalibanmu masu jin Hausa suna Alƙahira da Madina, suna Indiya da Malesiya da Turkiyya da Ingila. Masu kallonsu sun ninka, domin abin da aka yi a ɗakin taro na jami'a, kafin gari ya waye yana wayar mahaifiya a Kano ko Damagaram. Kayan aiki kuma muna da su tun daga gida. Tashe ya koya wa kowane yaro yadda ake sa gemun auduga a faɗa wa manya gaskiya cikin raha, wasan gauta kuwa har sarki ake kwaikwaya a gabansa. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a Landan a 1946 zuwa 1947, tun yana matashi da wasan kwaikwayo ya soki zaluncin masu riƙe da mulki. Ga kuma labaran da ke jiran mai ɗauka: ɗan Kano da ya haɗu da Bahaushen Sudan wanda kakanninsa suka tsaya a hanyar Makka, suna Hausa ɗaya amma kowa na jin ɗan'uwansa baƙo, da budurwar da ake tambaya kullum dalilin hijabinta a can, ta dawo gida a ce ta zama Baturiya.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, dubban ɗalibanmu suka bar littattafansu suka hau motoci, wasu suka kwashe kwanaki a bakin iyakar Masar cikin rana da ƙishirwa kafin a bar su su wuce. Da yawa daga cikinsu sun shiga jami'o'inmu bayan sun dawo. Roƙona ga sassan Hausa da na wasan kwaikwayo shi ne a nemo su tun abin bai dusashe a zukatansu ba, a ba su ɗaki da lokaci da malamin da zai zauna da su, su da kansu su yanke abin da za su nuna da abin da za su riƙe.