Dub: Kiɗan da Mai Gyaran Rediyo Ya Raya

A ƙarshen shekarun 1960, masu shirya faifan rege a Kingston, babban birnin Jamaika, suka fara cire muryar mawaƙi a bayan faifai, su bar ganga da jita mai kaurin amo. Daga nan dub ya samo asali.

Gwanin fannin shi ne King Tubby, mai gyaran rediyo a unguwar Waterhouse. Da ya murɗa na'urar haɗa sauti, sai murya ta ɓace, ta dawo da amsa-kuwwa, amon jitar kuma ya girgiza ƙirjin masu rawa. A 1973 wani gwanin, Lee Perry, ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti na Black Ark, ya ƙara wa salon armashi.

'Yan Jamaika mazauna Ingila suka yaɗa shi a Landan, inda kiɗan dubstep ya tsiro daga baya.