Shin Ya Dace A Biya Ɗalibi Ɗan Wasa?

Shugaban taro, iyayena da 'yan'uwana 'yan Karare mazauna birane.

A Amurka, sai a 2021 aka amince ɗaliban jami'a 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu, a 2025 kuma kotu ta yarda jami'o'in su riƙa biyansu kai tsaye. Can wasannin na jawo miliyoyin daloli. A nan kuwa, gasar NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, ba ta tara abin rabawa. Saboda haka ban goyi bayan albashi ba.

Amma ku dubi ɗan dambe: da ya yi kisa, nan take ake yi masa kari. To, yaronmu da ke buga wa makarantarsa ƙwallo a Dutsin-Ma ko Katsina fa? Ya bar darasi, ya sayi takalmi da kuɗin abincinsa. In kuwa ya karye, mahaifinsa ne zai kai akuya kasuwar Batsari don ya biya mai ɗori.

Ina roƙon wannan ƙungiya ta buɗe asusu domin irin waɗannan yara: a biya musu kuɗin makaranta da na magani, bisa sharaɗin ba su faɗi jarrabawa ba.