Bayin Cikin Ɗaki: A Rushe Ko A Bari?

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwa, da mazajenmu da suka daure suka zauna can baya, sannunku da zuwa. Allah Ya maimaita mana wannan rana da rai da lafiya.

An ce mu 'yan kwamitin rance mu faɗi abin da ya fi cin mana lokaci a bana. Wata za ta zaci jarin riɗi ne, ko kiwon ragunan layya. To ba su ba ne. Bayi ne. Ku yi dariyarku ku gama, mu ma da farko dariyar muka yi. Sai da muka ga 'yan uwa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya neman rance, ba don sari ba, don a rushe bayin da ke cikin ɗakinsu a samu wurin shimfiɗa, sannan muka gane maganar ba ta wasa ba ce. Kuɗin rance dai na kowa ne a nan. Idan aka zuba shi a aikin da za a yi da-na-sani, adashin dukanmu ne ya shiga ƙasa.

Ku tuna yadda abin ya samo asali. Shekarun da kasuwar Alhamis ta Maigatari ke ci sosai, shanu da raƙuma da awaki na shigowa daga Nijar, mu masu abinci da masu koli da masu gyaran zoɓo muna samun na kanmu, duk wadda ta samu halin gini abin da take so ke nan: ɗaki ciki da bayi, da tayal, irin na birni. Har ya zama idan za a kai amarya, dangi na leƙawa su gani ko akwai. Babu laifi a wannan, kowa na son sutura. Abin da ba mu lissafa ba shi ne ruwa, da kuma 'ya'yan da za su zo. Sai aka rufe boda a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Tankin da aka ce za a saya baɗi, baɗin bai zo ba. Ɗakin da aka ce za a ƙara wa yara, yana nan a tubali uku.

Bari mu ba ku labarin gidanmu, gidan mai yi muku wannan jawabi, don kada a ce muna tona asirin wasu muna rufe namu. Ɗaki biyu ne masu bayi a ciki, namu da na abokiyar zama. Ba mu taɓa ganin ruwa ya fito daga famfon ko ɗaya ba. Da jarka muke saye wurin masu kura. Jarka lita 25 take ci, shi kuwa masai na zama, duk kora ɗaya yana shan lita 6 zuwa 9. Kun ga jarka guda kora uku ce ko huɗu, ta ƙare. Gida mai yara, kafin azahar an shanye kuɗin cefane. Da bazara, lokacin da masu ruwa ke ƙara kuɗi, wa zai iya? Sai muka hana yara shiga, muka koma masan tsakar gida. A hankali bayin ya zama sito: bokitai, tsohuwar tabarma, buhun riɗi biyu, har da keken ɗinkin da ya lalace. Yara kuwa na kwance a ƙasa kamar an jera rake, babbarsu ta wuce shekara goma, malamai kuma sun sha faɗa mana a raba musu shimfiɗa.

Ranar da maigida ya ce a rushe, ba mu yi musu ba. Aka kira magini, ya zo da guduma, kwana biyu ya gama, ya shafe ƙasa da siminti, ya karɓi kuɗinsa. Mu kuma murna.

Damina na sauka wari ya taso. Ba ƙaramin wari ba, irin wanda baƙuwa za ta shigo ta kasa gama gaisuwa. Kyankyasai suka riƙa fitowa ta gefen bango, simintin wurin ya yi damshi ya ƙi bushewa, katifar da muka saya sabuwa ta yi baƙi ta ƙasa. Ashe bututun da ke zuwa sokawe bai toshe shi ba, tsumma ya cusa ya shafe kai. Shi masai na zama, ɗan ruwan nan da kuke gani kwance a ƙasansa ba ado ba ne, shi ke tare iskar ramin kada ta dawo ɗaki. An cire shi, an bar bututu a buɗe, kun ga an yi wa sokawe taga zuwa gadonmu ke nan. Dole aka sake fasa ƙasa, aka kira mai gyaran famfo ya sa murfi ya liƙe, aka sake sayen siminti a lokacin da buhu ya haura naira dubu goma, farkon 2024. Aiki ɗaya, biya biyu. Rashin sani ya fi dare duhu, wallahi.

Kuma me muka samu? Nan ne karatun yaƙi da jahilci ya yi mana rana, sai dai ya zo a makare. Malamarmu ta koya mana awo da tef, tsawo sau faɗi. Muka koma gida muka auna gurbin bayin: ƙafa 5 da ƙafa 6, wato 30. Katifa 'yar madaidaiciya, mai ƙafa 6 da 4 da rabi, tana cin 27. Duk wannan ƙura da kuɗi da wari, wurin katifa ɗaya muka saya. Ba mu ce katifa ɗaya ba komai ba ce, ga wadda 'yarta budurwa ke kwana a bakin ƙofa abu ne babba. Amma da mun auna tun farko, da mun fara duban sif ɗin nan mai ƙofa huɗu da kabet ɗin jere da ba mu buɗewa sai da salla. Su biyun sun fi bayin cin wuri. Mun san maganar kayan ɗaki akwai zafi, iyaye ne suka yi wahala suka saya, kuma mace ba ta son a shigo a ga bango tsirara. To amma kwanon da ya shekara ashirin ba a ci tuwo a cikinsa ba, shi da bayi wa ya fi cancantar fita?

Saura kaɗan mu rushe na ɗaki na biyu, don maigida ya ce adalci ne, abin da aka yi wa wannan a yi wa waccan. Allah Ya sa ba a kai ga haka ba aka kawo mana surukarmu daga ƙauye, wajen Sule Tankarkar, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni. Tsohuwa tana tashi sau uku sau huɗu cikin dare. Da hunturu, iskar nan ta arewa mai tsaga leɓe tana kaɗawa, a ce ta ratsa tsakar gida da sanda da tocila zuwa masai? Dare ɗaya ta zame a bakin rariya, Allah Ya tsare ba ta karye ba. Washegari muka kwashe tarkacen da ke bayin, muka wanke, muka sa mata babban bokiti mai murfi da buta, abokiyar zama ta bar mata ɗakin muka haɗu a ɗaya. Jarka guda tana isar ta yini, don ita kaɗai ce. Bayin da muka ce ba shi da amfani, shi ya riƙe mana mutuncin tsohuwa, ta yi tsarki ta yi alwala ba tare da ta tashi kowa ba. Da 'yarmu ta dawo wankan jego ma nan ta riƙa shiga, ba a fita da mai ɗanyen jiki cikin sanyi ba.

Saboda haka idan 'yar uwa ta zo mana da wannan buƙata yanzu, ba ma cewa eh ko a'a daga zaune. Sai mu je gidan. Abin da muke fara dubawa, ina za a koma? Idan babu masai mai kyau a tsakar gida, mai murfi da ƙofa, ba ma ba da ko kwabo sai an fara yin sa. Jigawa ce jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili, a watan Oktoba na 2022, kuma ba da kuɗin ƙungiyarmu za a mai da yara bayan gari ba. Duk wadda ta ga amai da gudawar daminar 2021 ba sai an yi mata dogon bayani ba. Ma'aikatan tsafta suna cewa a nisanta ramin masai da rijiya kamar mita 30, musamman a ƙasa irin tamu mai rairayi da ruwa ke ratsawa da sauri. Rairayin nan kuma shi ke sa rami ya rufta idan ba a ɗaure shi da bulo ba, don haka kuɗin masai na waje ba kaɗan ba ne, a sa shi cikin lissafi tun farko.

Sannan mu tambayi wa ke gidan, wa kuma ake jira. Akwai tsoho ko tsohuwa? Akwai mai ciki, ko mai ciwon suga da ke yawan fitsari? Masu wannan, mukan ce su bari, ko da yara za su matsu. Akwai kuma masu tunanin haya. A Maigatari ma'aikatan boda da fatake suna neman ɗaki, a Gumel ga ɗaliban kwalejin ilimi da malamansu, kuma da yawansu abin da suke fara tambaya ke nan, ko akwai bayi a ciki. Wadda take sa ran wata rana ɗakin nan ya ciyar da ita, ta yi tunani sau biyu. Gidan haya ko gidan gado da ba a raba ba kuwa, ba ma shiga maganarsa sam, sai mai gida ko magada sun yarda a gaban shaidu.

Wata 'yar uwa daga Gagarawa ta koya mana dabarar da ba mu sani ba. Ita ba ta rushe bango ba. Ta sa an cire masan, an toshe bututu da murfi yadda ya kamata, an cire ƙofa an sa labule, ta zuba sif da akwatuna da buhuna a ciki. Ɗaki ya buɗe, yara suka samu wuri, bango na nan, bututu na nan ƙarƙashin siminti. Ranar da ruwa ya samu ko tsufa ya zo, yini ɗaya za a mayar. Kuɗin da ta kashe bai kai rabin namu ba, kuma ta huta da fargabar ko bangon yana ɗauke da katakon rufi, don wani bangon idan an taɓa shi silin ne ke biyowa.

Mazajenmu na baya, muna roƙonku, kafin ku kira mai guduma ku tambayi wadda ke wanke bayin da wadda ke sayen ruwan. Mu kuma mata, takardar neman rancen gyaran ɗaki yanzu tana da gurbin awo. Wadda ba ta iya ba kada ta ji kunya, ranar Asabar bayan la'asar muna ajin karatu, ta zo da tef ɗin tela, za mu bi ta har gida mu auna tare.