Masu Gadin Dutsen Nyiragongo



A birnin Goma na gabashin Kwango akwai ma'aikatan da kullum aikinsu shi ne sauraron dutse. Nyiragongo, mai tsayin mita 3,470, yana tsaye a arewa da garin, kuma ya sha yin aman wuta. Ma'aikatan cibiyar sa ido ta Goma kan duba layukan da na'urorin auna girgizar ƙasa suka zana cikin dare. Wasunsu su fita da ma'auni su tsuguna a bakin tsagar ƙasa, su ga ko ta ƙara buɗewa, su auna zafinta da iskar da ke fita. Sauran bayani daga tauraron ɗan Adam yake zuwa.

Aiki ne mai gundura, shi ya sa masu riƙe da kuɗi ke saurin mantawa da shi. A 2020 tallafin Bankin Duniya ya ƙare, cibiyar ta yi watanni ko intanet ba ta da shi. Ran 22 ga Mayun 2021 dutsen ya tsage, narkakken dutse ya kwararo har bakin gari, mutane fiye da 30 suka rasu.

A yi adalci dai: masana sun gano daga baya cewa dutsen bai ba da wani dogon gargaɗi ba. Amma kwana biyar bayan tsagewar dutsen, da girgiza ta ƙi lafawa, alƙaluman waɗannan ma'aikata hukuma ta duba ta ce a kwashe unguwanni goma na Goma.