Fiyano ko laftof? Amsar da na ba ƙanina

Yau kiɗa za mu taɓa, kuma ƙanina ne ya jawo maganar.

Yaron nan ya kusa shekara biyu yana tara kuɗi. Duk Alhamis yana kasuwar Maigatari, yana taya lodin dabbobi a mota. Ranar nan ya same ni a Gumel ya ce, "Yaya, kuɗin nan abu ɗaya kawai za su saya. Fiyano zan ɗauka ko laftof?" Ban ba shi amsa a take ba, don in ya yi kuskure gumin shekara biyu ne ya tafi.

Abin da yake nema a zahiri shi ne sikwensa, wato abin da zai riƙe maka jerin kiɗa: ganga ta buga nan, sarewa ta shigo can, ya yi ta maimaitawa kai kana ɗora murya. Akwai wanda aka gina a cikin na'ura, kamar fiyanon Yamaha PSR. Akwai kuma na manhaja, irin su FL Studio da Cubase, da ake sa wa a kwamfuta.

Fiyano mun san shi. Shi ya haifi sautin waƙoƙin finafinan Hausa a sutudiyoyin Kano tun ƙarshen shekarun 1990, zamanin su Sangaya. Kuma gaskiya yana da daɗin sha'ani. Ka kunna, ka zaɓi salon kiɗa, ka ɗora hannu, shi ke nan. Ba ruwansa da bairos. Ka ɗauke shi a bayan mashin zuwa biki a Gagarawa ko Sule Tankarkar, ka dawo da kuɗi a aljihu a daren. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba shi da albashi.

To amma fa, in aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki ba ka adana ba, ya tafi, sai dai in ƙarami ne mai cin batir. Laftof da batirinta take zuwa. In ta lalace, ba za ka rasa mai duba maka ita a kusa ba. Fiyano in cikinsa ya ƙone, sai ka nufi Kano, kana addu'ar a samu kayan gyara.

Na ba ƙanina labarin wani makaɗi a Yamai da ake kira Hama. Da tsohon fiyanon Yamaha ya fara, kiɗansa ya bazu a mimorin wayoyin mutane, da yawa ba su ma san wa ya yi ba. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar masa da Torodi, sannan Houmeissa a 2019, wanda ya haɗa da FruityLoops, wato tsohon sunan FL Studio. Kafin shi ma akwai Mamman Sani, da ya naɗi kiɗan ogan ɗinsa a Yamai tun 1978. Maƙwabtanmu ne fa, ba 'yan Landan ba. Abin da na lura da Hama, ya koma kwamfuta ne da hannun da ya riga ya goge a kan fiyano.

Ni dai abin da ya sa na karkata ga laftof, kalangu ne. Ku saurara da kyau. Kalangun da ke cikin na'ura bugu ne kawai, ba ya magana. Makaɗi na gaske yana matse igiyoyin a hammata, sautin ya hau ya sauka, ya kira sunan mutum har ya waiwayo. Kuma ba ya faɗawa daidai kan layin lokaci, wani bugun ya ɗan riga, wani ya ɗan makara, daɗin ke nan. Da manhaja za ka gayyato makaɗin unguwarku, ka naɗi hannunsa na minti biyar, ka gina waƙar a kansa. Sai dai kar ka danna abin nan da ke daidaita bugu ya jera shi cif-cif, wallahi kana yi ka kashe shi. Kuma ka biya mutumin, sana'arsa ce ka ɗauka.

Manhaja ma tana da nata ciwon. Sautuka dubbai ne a ciki, sai yaro ya kwana yana zaɓen ganga bai gama waƙa ko ɗaya ba. Ga kuma ta sata da kowa ke turawa a filas. Ni na ɗanɗana. Ina jami'a muka haɗa waƙoƙin wayar da kai guda shida da wani abokina, kwamfutar ta kama bairos, ko ɗaya ba mu tsira da ita ba. Kamfanin Image-Line na Beljiyam da ke yin FL Studio yana ba da ta gwaji kyauta. Za ka iya fitar da waƙarka, amma aikin da ka adana ba zai sake buɗuwa ba sai ka biya. In ka saya sau ɗaya kuma, sabuntawa kyauta ce har abada.

Saboda haka na ce masa, in burinsa biki da taro ne, kuɗi yau-yau, ya ɗauki fiyano bai yi asara ba. In kuma waƙarsa yake so ya gina, ya sayi laftof na hannu mai batir mai rai, ragowar canjin ya haɗa da ƙaramin madannin MIDI, mai maɓalli 25 ma ya isa, don yatsunsa su koyi aiki. Ya riƙa rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu, ƙurar nan tamu ba ta da tausayi.

Laftof ya ɗauka. Sharaɗin da na kafa masa ɗaya ne: duk aikin da ya gama ya kwafe shi a wuri biyu kafin ya kwanta. Ya riga ya yi magana da wani dattijo mai kalangu, za su zauna ranar Asabar bayan la'asar, ni ne mai riƙe makirfo. In abin ya fito, zan sa muku a shiri na gaba. Masu sutudiyo a Gumel da Maigatari kuma, ku faɗa mana da me kuka fara. Sai mun haɗu.